Ciwon gwiwar hannu da minjiryar yatsu, fisiyo zai yi min amfani ko ɓata kuɗi ne?

MaiAlmakashi:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ina neman shawarar wanda ya sani ko ya taɓa shiga irin wannan. Ni tela ne a nan Kano, ɗinkin maza nake yi, kuma tun azumin da ya wuce lokacin da aikin sallah ya taso mu gaba gwiwar hannuna ta dama ta fara ciwo, ta waje, daidai ɗan ƙashin nan da ya turo. In ina zaune ba na komai lafiya lau, amma da na ɗaga dutsen guga ko na kama almakashi zan yanka shadda mai kauri sai in ji kamar an soka min abu, har ya gangaro ta bayan hannu. Yanzu ta kai ko buta cike da ruwa na ɗauka sai na ji, kai ko gaisawa muka yi da mutum ya matse min hannu sai na cije baki.

Sai kuma na biyu, da daddare yatsuna suna minjirya, babban yatsa da manuni da na tsakiya, sai na farka na yi ta yarfa hannun kafin ya saki. Man zafi kam babu irin wanda ban shafa ba, na sha magani daga kyamis, in na sha ya lafa in ya sake ni ya dawo. Wani maƙocinmu ya kai ni wajen mai ɗori ya ja hannun ya ce targaɗe ne, ban ga canji ba. Daga baya na je asibiti likita ya duba ya ce ba karaya ba gocewa, ya rubuta min in je sashen fisiyo, wato masu gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi. To ni abin da na sani game da fisiyo shi ne masu shanyewar ɓarin jiki ake kaiwa, ko a haska maka fitila mai zafi a yi maka tausa ka tafi. Shin zai yi min amfani kuwa? Don gaskiya in zuwa zan dinga yi ina rufe shago ina biyan kuɗi a kan tausa, gara yarona ya yi min a gida.

Uwar Biyu:

Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara sauƙi malam. Ka je wlh. Ni nawa ba a gwiwar hannu ba ne, a wuyan hannu ne ta gefen babban yatsa, bayan na haifi 'yan biyuna ya same ni, kuma ashe ciwon masu jego ne sosai saboda yadda muke zura hannu a hammatar jariri mu ɗaga shi babban yatsa a buɗe, ga matsar wanki kullum, ga riƙe kan yaro wajen shayarwa. A gida kowa cewa yake sanyi ne ya shige ni don ban yi wankan jego da kyau ba, aka ƙara min ruwan zafi aka ƙara min kunun kanwa, hannu dai shiru.

Da na je, 'yar fisiyon ta ce in lanƙwashe babban yatsa cikin tafin hannu in rufe shi da sauran yatsun sannan in karkatar da hannun ta ɓangaren ƙaramin yatsa, ai ban san lokacin da na yi ƙara ba. Ta ce jijiyoyi biyu ne masu ɗaga babban yatsa, hanyar da suke bi ta matse. Ta sa na sayi abin ɗaurewa mai riƙe babban yatsa da wuyan hannu tare, na yi sama da wata ina sawa, ta koya min in dinga tallafo yara ta ƙasa da tafin hannu da damtse maimakon ta hammata, ta hana ni matse zani da hannu, sai da ciwon ya kwanta sannan ta fara ba ni motsa jiki da robar ɗaure kuɗi, in sa a yatsu in dinga buɗewa. Fitilar nan da kake faɗa ko kunna min ba a yi ba. Abin da zan ce maka kawai, kar ka je da tunanin su za su yi maka aikin, kai za su ɗora wa.

Baba Direba:

Yaro ka ji maganar manya, wannan iska ce da mataccen jini suka taru a wurin. Ka nemi wanzami ƙwararre ya yi maka ƙaho a kafaɗa da damtse, ka dinga gasa wurin da tsumma da ruwan zafi safe da yamma ka shafa man kaɗanya. Ni na yi shekaru ina jan babbar mota tun lokacin da sitiyari sai ka sa ƙarfinka duka, hannun nan babu irin ciwon da bai yi ba, ban taɓa zuwa wani fisiyo ba. Kuma masu ɗori kar a raina su, gado ne, akwai gidajen da tun kakanni suke yi. Wanda ka je wajensa ne dai ƙila bai iya ba. Asibiti kuma ka kiyaye su da allura a gaɓa, wani abokin aikina an yi masa a gwiwar hannu ya ji garau kamar bai taɓa ciwo ba, bayan 'yan watanni abin ya dawo ya fi na da.

Ɗan Fisiyo:

Malam MaiAlmakashi sannu da jiki. Aikina ke nan, amma ka san ba a duba mara lafiya ta waya, don haka abin da zan faɗa bisa bayaninka ne, wanda zai taɓa hannun shi ke da magana ta ƙarshe.

Yadda ka kwatanta, abu biyu ne daban suka haɗe maka a hannu ɗaya, kuma kowanne da hanyarsa.

Na gwiwar hannun shi ne wanda a asibiti za ka ji ana ce masa tenis elbo, duk da yawancin masu zuwa mana da shi ba su taɓa riƙe abin buga tenis ba, teloli ne da kafintoci da makanikai da mahauta da mata masu daka da wanki. Tsokokin da suke ɗaga wuyan hannu da yatsu sama suna kwance a bayan hannunka, kuma yawancinsu sun taru sun manne a ɗan ƙashin nan da ka ce ya turo, ta hanyar wata farar jijiya mai tauri irin agarar da kake gani a jikin nama. Duk lokacin da ka damƙi abu, almakashi ne ko dutsen guga, sai waɗannan tsokokin sun ɗaure don wuyan hannu ya tsaya, to in damƙar ta yi yawa fiye da abin da jijiyar ta saba, kamar aikin sallah da ake kwana ana yi, sai zarenta ya fara lalacewa ta yi rauni. Shi ya sa hoton ƙashi ba ya nuna komai, shi ya sa kuma ja da murɗawa ba su da abin da za su mayar, babu abin da ya goce. Yana kama mutum 1 zuwa 3 cikin 100 na manya, ya fi yawa daga shekara 35 zuwa 50 da wani abu.

Maganinsa a wajenmu shi ne a rage wa jijiyar nauyin da ya fi ƙarfinta, sannan a dinga ɗora mata nauyi kaɗan-kaɗan har ta yi ƙwari. Zaman banza gaba ɗaya ba ya gyara ta, in ka huta wata guda ka koma aiki yadda ka saba za ka tarar da ita inda ka bar ta. Ga irin abin da za a fara ba ka. Ka ɗora hannunka a kan teburin yanka, tafin yana kallon ƙasa, wuyan hannun ya ɗan zarce bakin tebur, ka riƙe gorar ruwa ƙarama mai rabin lita, rabin kilo ke nan. Ka sa hannun hagu ya taimaka ya ɗaga na daman sama, sai ka saki ka bar na daman ya sauko da gorar shi kaɗai a hankali, kana ƙirga ɗaya zuwa huɗu ko biyar. Saukowar nan a hankali ita ce aikin. Sau 10 zuwa 15, ka huta, ka maimaita har zagaye 3, sau ɗaya a rana. In ma wannan ya yi zafi da yawa a farko, ka riƙe gorar kawai wuyan hannu a miƙe ba motsi na daƙiƙa 30, ka yi haka 'yan lokuta. Ɗan ciwo kaɗan lokacin yi ba laifi ba ne in dai ya kwanta kafin washegari, in ka wayi gari ya fi jiya to nauyin ya yi yawa ka rage ruwan. In ya zama wasa sai a ƙara, a koma gorar lita ɗaya, a haka a haka. Kuma ka sa a ranka abin sati 6 zuwa 12 ne kafin ka ga canji na sosai, wani ma ya fi haka, a nan ne yawancin mutane suke karaya su ce fisiyo ba ya aiki alhali sati biyu suka yi.

A shago kuma, ka kai almakashinka a wasa shi, dakusasshen almakashi shi ne babban abokin gabarka. Kar ka ninka yadi da yawa ka ce sai ka yanke a tashi ɗaya. Guga ka bar wa yaro na ɗan lokaci, musamman in dutsen gawayi ne. In za ka ɗauki buta ko wani abu ka tallafo shi tafin hannu yana kallon sama, gwiwar hannu a kusa da jiki. Akwai wani ɗan maɗauri da ake sawa kamar faɗin yatsa biyu ko uku ƙasa da inda yake ciwon, wasu yana rage musu zafi lokacin aiki, wasu ba ya yi musu komai, in ka gwada ka ji daɗinsa ka sa lokacin yanka kawai ka cire in ka gama.

Na yatsun kuma wata magana ce. Akwai jijiyar da take kai ji zuwa babban yatsa da manuni da na tsakiya da rabin yatsan zobe, tana bi ta wani matsattsen rami a wuyan hannu tare da jijiyoyin lanƙwasa yatsu guda 9. In wurin ya ƙara matsewa sai ta fara minjirya, kuma ya fi da daddare saboda yawancinmu muna barci wuyan hannu a lanƙwashe. Ka lura da ƙaramin yatsanka, in shi ba ya yi to wannan ɗin ce. Abu na farko da ake yi shi ne abin ɗaure wuyan hannu mai ɗan ƙarfe a ciki wanda zai riƙe shi a miƙe, ana samu a shagunan kayan asibiti, ka dinga kwana da shi kullum na sati 4 zuwa 6 a ga yadda za ta yi. Sannan dan Allah ka auna suga, don masu ciwon suga suna cikin waɗanda suka fi samun wannan, haka masu juna biyu da masu matsalar maƙoƙo da masu ƙiba. Kuma wanda zai duba ka ya duba wuyanka ma, wani lokacin daga can abin yake taso wa mai sunkuyo a kan keke duk yini.

Zuwa kullum kuma ba dole ba ne a irin naka. Ka gaya musu kai mai shago ne, a koya maka, ka dinga yi a gida kana komawa lokaci-lokaci a duba a ƙara nauyi.

Nas Mai Dare:

Ni inda na tsaya shi ne maganin kyamis ɗin nan da ka ce kana sha. Wanne ne? In diclofenac ne ko ibuprofen ko irin haɗin nan da ake ƙulla wa mutum a leda kala huɗu kala biyar ba suna, dan girman Allah ka dakata. Waɗannan ba a yi su don a sha wata da watanni ba, suna cin ciki su kawo olsa har da aman jini, suna taɓa ƙoda, suna tayar da hawan jini, balle a ce da azumi ka fara sha ciki ba komai jiki ba ruwa. Haɗin ledar kuma sau da yawa akwai prednisolone ko dexamethasone a ciki, magungunan kashe kumburi ne masu ƙarfi, shi ya sa mutum yake jin garau nan take, daga baya fuska ta kumbura suga ya hau. Tunda ciwon naka a wuri ɗaya yake kuma kusa da fata, diclofenac na shafawa ya fi maka aminci a kan na sha, in ka ga dama ka ɗora ƙanƙara a naɗe cikin tawul minti 10 zuwa 15 bayan aiki.

Sai abin da ba a jira a kai. In ka ga tudun naman da ke gindin babban yatsa ya fara zubewa, ko allura da maɓalli suna suɓuce maka, ko minjiryar ta daina tafiya ta zama dare da rana, ka koma wajen likita da wuri, akwai gwajin jijiya da ake yi da na'ura kuma wani sai an yi masa ƙaramin aiki an buɗe wurin. In gaɓa ta kumbura ta yi ja da zafi ga zazzaɓi, wannan na ranar ne ba na gobe ba. Haka ciwon hannun hagu da ya zo da nauyin ƙirji da gumi, ko hannu ya mutu farat ɗaya baki ya karkace.

Ɗan Fisiyo:

Baba Direba Allah ya ƙara girma, maganarka ta allura gaskiya ce kuma har bincike ya goyi bayanka. A 2006 an buga wani da aka yi a Ostireliya a kan mutum 198 masu irin wannan ciwon gwiwar hannun, aka raba su uku, wasu allurar kashe kumburi a wurin ciwon, wasu fisiyo, wasu aka ba su shawara kawai aka ce su jira. A sati 6 na farko 'yan allura sun ji daɗi sosai, amma daga baya kusan kashi 72 cikin 100 nasu ciwon ya dawo musu, su kuwa 'yan fisiyo da 'yan jira waɗanda ya dawo wa ba su kai kashi 10 ba. Kuma don kar a ce ina tallan sana'ata, a wannan binciken da shekara ta zagayo 'yan fisiyo da 'yan jira kusan daidai suka tashi, yawancinsu sun warke. Ribar fisiyo ita ce an fi samun sauƙi da wuri kuma an fi rage shan magani, wanda ga mai cin abinci da hannunsa ba ƙaramin abu ba ne. Amma fa allurar ba ko'ina take da laifi ba, a irin ciwon da Uwar Biyu ta yi tana aiki sosai in ɗauri bai wadatar ba.

Gashi da ruwan ɗumi in yana jin daɗinsa ya yi, ba zai cutar ba in bai ƙona fata ba. Inda zan roƙi Baba ya yi min uzuri shi ne ƙaho da ɗori. Babu jinin da ya taru a wurin da za a zuƙe, ƙarfi jijiyar ta rasa. Ɗori kuma, abin da muke gani a asibiti shi ke sa mu magana. Yaro ya faɗo daga bishiya ya karye a saman gwiwar hannu, a ɗaure da kara tamau, hannu ya kumbura a ciki jini ya kasa wucewa, sai a kawo shi yatsu sun ƙanƙance sun lanƙwashe ba sa miƙuwa, wani ma hannun ya yi baƙi sai an yanke. Kuma a wuyan hannu akwai wani ɗan ƙashi a gindin babban yatsa da yake karyewa in mutum ya faɗi ya dafa ƙasa, kamar faɗuwar babur, sau da yawa ko a hoton farko ba ya fitowa sai an sake bayan kwana 10 zuwa 14, jini ba ya isarsa sosai, in aka ce targaɗe ne aka yi ta ja sai ya ƙi haɗewa mutum ya zauna da ciwo shekara da shekaru. Wanda ya faɗi, hoto tukuna.

Baba Direba:

To likita na ji, amma mai ɗorin garinmu bai taɓa lalata hannun kowa ba, a nan kam ba za mu daidaita ba. Na yara dai na yarda a fara kai su hoto.

MaiAlmakashi:

Na gode ƙwarai jama'a Allah ya saka da alheri. Nas haɗin leda ne wlh, na ajiye shi daga yau. Na lura da daddare kuma ƙaramin yatsan ba ya yi, sauran ne. Suga ban taɓa aunawa ba kuma mahaifiyarmu tana da shi, zan auna. Tambayata biyu, a ina ya fi in je, don akwai wani a unguwarmu da ya buɗe wuri ya rubuta fisiyo da tausa yana da injina masu jijjiga, ko sai asibiti? Sannan ina hawa babur zuwa shago kullum kuma hannun dama ne a kan totur, shi ma in daina ne? Ga bikin ƙanwar matata ya matso an tara min ɗinkin anko.

Ɗan Fisiyo:

Tunda takardar likita tana hannunka ka kai ta inda ya tura ka. A Kano akwai sashen fisiyo a Asibitin Ƙashi na Dala, akwai a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai a Asibitin Murtala. Masu zaman kansu ma akwai ƙwararru, abin da za ka tambaya shi ne ko mutum yana da lasisin MRTB, hukumar da ke yi mana rajista tun dokar 1988, don mai wannan aikin sai ya yi aƙalla shekara 5 a jami'a, Jami'ar Bayero, BUK, ma tana koyarwa, sannan ya yi shekara guda ta horo a asibiti. Alama mai sauƙi kuma, in ka shiga bai tambaye ka sana'arka ba, bai gwada ƙarfin damƙarka ba, bai duba wuya da yatsu ba, kawai ya ce kwanta ya jona maka inji, ka nemi wani.

Babur ba sai ka ajiye ba in tafiyar ba nisa, amma jijjigar kan babur da matse birki suna tayar da duka biyun, don haka ka sassauta riƙo, wuyan hannu a miƙe kar ya lanƙwashe ƙasa, in robar hannun babur ɗin ta cinye ka canza mai kauri. Ankon kuma ka karɓi wanda za ka iya, ka rarraba yankan a kwanaki maimakon ka tara shi dare ɗaya, duk minti 20 zuwa 30 ka ajiye almakashi ka miƙe hannu ka buɗe yatsu, guga da yankan shadda mai kauri ka ba yaranka. Ka je da almakashin naka ranar farko su ga yadda kake riƙe shi, in ramin ya matse maka babban yatsa za su nuna maka yadda za ka naɗa masa tsumma ko ka sayi mai faɗin hannu.